Goron da Malam Kadri Ya Miƙa wa Bature

Duk wanda ya ɗan jima a unguwar University Heights da ke Bronx a Amurka ya san Malam Kadri direban tasi, dogon nan mai ɗan ranƙwafawa da ke tsayawa a sahun farko a masallaci, gefen taga. Mutumin Kumasi ne ta ƙasar Ghana, haifaffen unguwar Aboabo. Ba shi da yawan magana, amma in aka taɓo zancen mahaifinsa sai ka ga ya gyara zama.

Mahaifin nasa mai masauki ne. A zamanin da fatake ke gangarowa daga arewa da shanu da kanwa su koma da goro, zaurensu ba ya rabuwa da baƙi. A nan Kadri ya buɗe ido ya ga yadda ake ba da amana. Mutum zai zo da ɗansa ko ƙanensa da zai bari a gari, ya kwance ganye ya fito da farin goro ya miƙa wa mai gida, ya ce, "Ga naka nan." In mai gida ya karɓa ya ɓantara ya kai baki, sannan ya taka wa baƙon har bakin hanya, to magana ta ƙare. Daga ranar cin yaron da shansa da ciwonsa suna wuyan mai gida. Kuma ba ya aika wa iyaye saƙo sai in abu ya ɓaci. In ka ji shiru daga mai masauki, ka gode wa Allah, ɗanka yana lafiya.

Shi kansa Kadri ta wannan hanya ya shigo Amurka. Kawunsa ne ya haɗa shi da wani dattijo a unguwar Morrisania, Alhaji Abdul-Razak, Allah ya kai rahama kabarinsa. Dattijon ya shimfiɗa masa katifa a falo, ya samo masa wankin kwanuka a gidan abinci, daga baya ya tsaya masa har ya kama tuƙi. Da sanyin farko ya kwantar da shi a asibiti, tsohon ne ya yi ta zarya da kwanon koko a ƙunshe cikin tawul. Saboda haka har furfura ta fito masa, Kadri bai taɓa ganin inda aka ba da amana ta faɗi ƙasa ba.

Matarsa Rabi aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Allah ya ba su haihuwa ba sau ɗaya ba, amma Rafia ce kawai ta tsaya. Yarinya ce mai shiru kamar ubanta, mai son littafi. Tana jin Hausa sarai, sai dai in aka yi mata magana ta mayar da Turanci, kamar sauran yaran nan. Ɗakinta yana kallon layin jirgin ƙasan da ke bi ta saman titin Jerome Avenue, kuma tun tana goye ƙarar nan ce ke lallashinta ta yi barci.

Da ta gama sakandare makarantu biyu suka ɗauke ta. Ɗaya babbar jami'a ce a nan cikin gari, ta hau jirgi da safe ta dawo ta ci tuwon uwarta da yamma. Ɗayar ƙaramar kwaleji ce can arewa, cikin tsaunuka da gonakin shanu, tafiyar rabin yini a mota, kuma sun ce sun ɗauke mata nauyin komai. Malamarta ta sakandare ita ta nuna mata ita, ta ce irin makarantar da malami ke sanin sunan kowane ɗalibi ce.

Rabi tun farko ta faɗi nata. "Baban Rafia, ita ke nan gare mu. A bar ta inda ido zai riƙa ganinta."

Rafia ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hotunan wurin sun shiga ranta, ciyawa kore shar, tsofaffin gine-gine na jan bulo, amma in aka tambaye ta sai ta ɗaga kafaɗa. Kadri ya ce ba a sayen kifi a cikin ruwa, sai ya je ya gani da idonsa.

Jami'ar cikin garin suka fara zuwa. Mutane kamar kasuwa ana gobe Sallah. Suka bi layi, wata mata a bayan gilashi ta ba su amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Ba wanda ya yi musu wulaƙanci, amma ba wanda ya ce musu sannu. Kadri ya fito yana girgiza kai, ya ce gida ne babba, mai gidan ne babu.

Da ƙanƙara ta narke, ya ɗauki Rafia a motarsa suka nufi arewa. Kafin su tafi ya biya unguwar Harlem ya zaɓi farin goro mai kyau. Rabi ta gan shi yana naɗewa ta kama haɓa.

"Kai da goronka! Bature za ka kai wa? Ka tafi masa da asuwaki ma mana."

"Mutum mutum ne, Rabi."

"To Allah ya sa yana da haƙora."

A bakin ƙofar ofishin baƙi wani mutum ya tarye su, fari, mai ƙaramin tumbi da furfura a gefen kunne. Ya ce sunansa Mista Delaney. Tun kafin su buɗe baki ya kira sunan Rafia, ya kuma faɗe shi daidai. Ya ce ya karanta abin da ta rubuta a kan kakarta mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a Aboabo, har ya ji yunwa. Ya ba su kujera, ya zuba wa Kadri shayi da hannunsa. Sannan ya zaga da su. Suka ga aji wanda ba aji ba, tebur ne guda da kujeru kewaye, malami zaune cikin ɗalibai. Suka ga ɗakin karatu mai tagogi dogaye. A ƙarƙashin tsohuwar majami'ar makarantar ya buɗe musu wani ɗan ɗaki mai darduma biyu, ya ce na Musulmi ne. Kadri ya duba wayarsa ya ga an fuskantar da su alƙibla daidai, sai wani abu ya kwanta masa a ƙirji.

"Nan kamar gida ɗaya muke," in ji Mista Delaney. "Ka kwantar da hankalinka. Za mu kula da ita kamar tamu."

Kadri ya sa hannu a aljihu ya kwance ganyen. Rafia ta sunkuyar da kai, ta ja masa hannun riga, amma ya riga ya miƙa. Da Turancinsa na tasi ya ce a ƙasarsu haka ake yi, ga 'yarsa nan, ya ba shi. Baturen ya karɓa da hannu biyu, ya tambayi yadda ake ci, ya gatsa. Ɗaci ya murɗe masa fuska, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan girmamawa ce babba, ba zai manta ba. Ya raka su har inda suka ajiye mota, ya tsaya yana ɗaga hannu sai da suka sha kwana.

"Ya karɓa," in ji Kadri.

Rafia ta ce da Turanci, "Baba, aikinsa ne fa. Kowa ya zo haka yake yi masa."

"Kakanki ma aikinsa ne. Ko kin ji an ce wasa yake yi?"

Ta juya tana kallon shanu. Da suka iso gida ya ce wa Rabi ya samar wa yarinya mai gida, can za ta. Rabi ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta shige kicin. A masallaci kuwa har aka gaji da jin labarin Baturen da ya ci goro. Alkasim mai shagon waya ya riƙa tsokanarsa, in ya hango shi sai ya ce, "Ga surukin Turawa nan!" Kadri ya yi murmushi kawai. Daɗi yake ji.

Ranar da suka kai ta, ƙarshen watan Agusta, makarantar cike take da iyaye da akwatuna. Kadri ya tambayi wata ɗaliba mai nuna wa mutane hanya ina Mista Delaney, ta ɗan yi tunani ta ce ba ya nan. Ya ɗauka tafiya ya yi. Ya bar wa Rafia ƙullin kilishi ya ce ta kai masa in ya dawo, ta ce ubanta yana gaisuwa. Rabi ta gyara mata gado, ta tofa addu'a a kusurwoyin ɗakin, ta gaisa da abokiyar zamanta, wata yarinya mai fara'a da jan gashi. A mota ta yi kuka har suka wuce gonakin.

Watannin farko Rafia tana kira. Uwarta take ba labari, shi kuma yana gefe yana jin rabi. Ta ce a ajinsu dole kowa ya yi magana, shirun ma laifi ne, ana rage wa mutum maki a kansa. Ta ce in aka zo kan Afirka ko Musulunci duk teburin sai ya juyo yana kallonta, har malamin, su jira ta faɗa musu. Ta ce ba wanda ya taɓa zaginta, kowa murmushi yake yi, amma in ta ajiye farantinta a tebur sai hirar ta koma ta inda suka je hutu da iyayensu, wuraren da ba ta taɓa jin sunansu ba. Abinci yana da yawa, sai dai ita shinkafa da ƙwai take ci, don ba ta san da me aka dafa sauran ba. Ɗakin sallar nan kullum a kulle, makullin yana hannun wata sakatariya da ke tashi tun la'asar. Abokiyar zamanta kirki gare ta, amma saurayinta yana yawan zuwa, Rafia sai ta ɗauki littafi ta fita ta zauna a matakala. Abin da ya fi damunta shi ne shiru. Ta ce wurin ba mota, ba jirgi, ba mai faɗa da maƙwabci, har bugun zuciyarta take ji.

In wayar ta zo hannunsa, tambayarsa ɗaya.

"Kin gaishe da mai gidanki?"

Sai ta ɗan jinkirta ta ce, "Na gaishe shi."

"Yana lafiya? Iyalinsa fa?"

"Lafiya lau, Baba."

Duk wanda ya dawo daga Ghana da tsaraba, Kadri sai ya ware kason Mista Delaney. Kwalbar shito, soyayyen yajin nan na Ghana, garin rogo, har da rigar batakari mai ratsin baƙi da fari da ya sa aka saƙo masa. Ya aika ta gidan waya da sunan Rafia, ta kai.

Hutun Disamba ta zo gida. Ta rame, wuyanta ya fito. Tana wuni a ɗaki, in an kira ta cin abinci ta tsakura ta tashi. Rabi ta same shi yana alwala ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yarinyar nan ba ta dariya."

"Karatu ne. Ba ki ga girman littattafan ba?"

"Na yi jinyar mutane da yawa, Baban Rafia. Na san idon wanda abu ke ci a ciki. Ka bar ta ta zauna, ta koma ta nan kusa."

"A bar karatun da aka fara? Ki ji tsoron bakin mutane. Kuma da akwai wani abu, ai da mutumin ya kira ni. Kullum yana ganinta. Ke kin fi shi sani ne daga nan?"

Rabi ta ce, "Ni na haife ta," ta juya. Ranar komawa Rafia ta daɗe zaune a bakin gado da jakarta a cinya. Shi ya ɗauki jakar ya kai mota.

Azumi ya kama cikin sanyi a shekarar. Kiran waya ya ragu, ya koma saƙo, saƙon ma kalma biyu. Sau ɗaya Rabi ta same ta a waya, ta tambaye ta da me take sahur. Ta ce ana ba ta abinci a kwali tun yamma, kafin asuba ya yi sanyi, tana ci a tsaye a banɗaki don kada hasken ya tashi abokiyar zamanta. Da wa take buɗa baki? Ita kaɗai. Rabi ta ajiye wayar ta zauna a ƙasa. Kadri ya ce azumin baƙunta haka yake, shi ma ya yi, akwai lada. Sallah ta zo ta wuce Rafia ba ta zo ba, ta ce akwai jarrabawa. Daga nan wayar ta daina shiga gaba ɗaya.

Rabi ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko makullin motar ta ajiye masa kusa da kwanon shayi, ta ce, "Ko ka je, ko in bi bas."

Ya isa da hantsi. Ko a nan bai wuce ɗakin 'yarsa kai tsaye ba, don ba a shiga gida a tsallake mai gida. Ya nufi ofishin baƙi. A bakin ƙofa wata matashiya tana tare da wasu mata da miji da ɗansu, tana musu murmushi. Kadri ya tsaya gefe yana jira ta gama, sai ya ji abin da take faɗa. Nan kamar gida ɗaya muke. Za mu kula da shi kamar namu. Ko harafi ɗaya ba ta canja ba.

Da ta juyo kansa ya ce Mista Delaney yake nema. Ta ce ayya, ai ya bar nan tun bazarar bara, ya sami aiki a wata makaranta a wata jiha. Kadri ya ce a'a, wanda yake nufi shi ne mai kula da 'yarsa. Ta yi masa bayani a hankali, cikin ladabi. Wannan ofishin masu shigowa yake tarya. Da zarar ɗalibi ya shiga, aikinsu ya ƙare, ya koma hannun wasu.

"Waɗanne wasu?"

Ta kai shi wurin shugabar harkokin ɗalibai, mace mai tabarau, ta ba shi kujera ita ma. Da ya faɗi sunan Rafia fuskarta ta canja. Ta ce ta yi farin ciki da ya zo, amma ba za ta iya gaya masa komai ba sai da yardar yarinyar, don a doka ta zama babba. Ta ce sun yi ta aika mata saƙo ta kwamfuta, sun nuna mata inda za ta je ta ga mai ba da shawara. Ya tambaya ko akwai wanda ya taka ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce ɗalibar da ke kula da benensu ta je, Rafia ta ce mata lafiya take.

Ya hau benen. Ya yi sallama sau uku kafin aka buɗe. Labule a sake, ɗakin duhu da rana tsaka, gadon abokiyar zaman babu ko zani, ta koma wani ɗaki tun tuni. Rafia ta tsaya da bargo a kafaɗa, gashinta a cukurkuɗe, leɓunanta sun bushe. Ta dube shi kamar ba ta gane shi ba, sannan ta koma ta zauna. Ya durƙusa don ya kama hannunta, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin gado. Kwalayen tsarabar Mista Delaney duk suna nan, wasu ko buɗewa ba a yi ba. Kwalba ɗaya ta fashe, man shito ya jiƙa batakarin.

"Tun yaushe kika san ba ya nan?"

"Tun satin farko."

"Aji fa?"

"Tun kafin azumi ban je ba. In na sa takalmi sai in kasa tashi."

"Me ya hana ki faɗa mini, Rafia?"

Ta ɗago. Da Hausa ta amsa, Hausarta mai karyewa. "Baba, ka gaya wa duk masallaci."

Ya tashi ya fara zuba kayanta a jaka, littattafai da tufafi a haɗe, ba tsari. Kwalayen ya bar su inda suke.

Matar mai tabarau ta ce za su rubuta mata hutun rashin lafiya, gurbinta yana nan, in ta warke ta dawo. Kadri ya ce in ta dawo, a hannun wa zai bar ta? Ta lissafa masa ofisoshi, na lafiya, na karatu, na ɗaliban da suka fito daga wurare dabam-dabam. Ya saurara har ta gama, ya gode mata. Ta miƙa masa hannu daga bayan tebur.

A hanya Rafia ta yi barci. Da suka shigo Bronx jirgi ya wuce ta samansu, ta buɗe ido, ta sake rufewa. Rabi ta tarye su a ƙofa ta rungume 'yarta ta shige da ita. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ɗin da ya fi masa sauƙi.

Likita ya ba ciwon suna, ya ba da magani. Rabi ta rage aiki tana kai ta asibiti, tana yi mata tofi. Agusta ya zagayo ba wanda ya ɗauko zancen komawa. A masallaci in aka ce, "Malam Kadri, ya 'yar jami'a?" sai ya ce tana hutu. Alkasim ya daina tsokanarsa. Kadri kuwa ya koma sallah a sahun baya, yana sallamewa ya ɗauki takalmi.

Kwanan baya Rafia ta ɗan farfaɗo, har tana taya uwarta girki. Rabi ta lallaɓa ta su je su duba jami'ar nan ta cikin gari, duba kawai. Ba su nemi shawararsa ba, shi ma bai sa baki ba. Da safen ya ga sun shirya, ya miƙe ya ce bari ya kai su.

"Bar shi, Baba," in ji Rafia. "Za mu bi jirgi."

Ya tsaya a taga yana kallonsu. Suka tsallaka titi, suka isa gindin matakalar tasha. Rafia ta taka biyu ta tsaya, ta riƙe ƙarfen. Mutane suna ratsa su suna hawa. Rabi tana mata magana, tana shafa mata baya. Jirgi ya zo ya tafi, wani ya zo ya tafi. Sai ya ga sun juyo.

Da suka shigo Rabi ta cire mayafi ta rataye, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wata rana." Ya ji ƙofar ɗakin Rafia ta rufe a hankali. Ya ɗan tsaya a tsakar falo. Sannan ya ɗauki makullin motarsa ya fita aiki.